Satyendra Nath Bose: Ɗan Ma'aikacin Reluwe Da Ya Ƙirga Haske

Gidanmu yana Fagge, ba nisa da tashar jirgin ƙasa ta Kano, kuma a wannan tasha kakana ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Aikinsa shi ne kula da sigina. Har yau yana ajiye da tsohuwar fitilarsa ta hannu, mai gilashi ja da kore, wadda ake ɗaga wa direba da dare don ya san ko ya tsaya ko ya wuce. Tun ina ƙarami nake wasa da ita, har na sha bulala a kanta ba sau ɗaya ba. Ban taɓa tsammanin wata rana zan zauna in yi rubutu a kan hasken da ke fita daga cikinta ba, balle in ji cewa akwai wanda ya taɓa ƙirga haske kamar yadda ake ƙirga buhuna.

Yadda abin ya faru shi ne, a zangon karatun da ya wuce malaminmu na fiziks yana yi mana bayani a kan haske, sai ya ambaci wani suna, Bose, ya ce mutumin Indiya ne, kuma ubansa ma'aikacin reluwe ne. Nan take 'yan aji suka juyo suna kallona suna dariya, don kowa ya san jikan wa nake. Mu dai abin da muka sani game da Indiya bai wuce fina-finai da waƙoƙi ba. Kakana ne kaɗai a gidanmu ya san Indiyawa ta wata fuska, domin ya yi aiki tare da waɗanda gwamnati ta ɗauko a 1979 su gyara tafiyar da reluwen Nijeriya. Wannan dariya ita ta kai ni laburare da intanet neman labarin mutumin, ga kuma abin da na samo. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su yi mini haƙuri, akwai ɗan lissafi a tsakiya, amma bai fi ƙarfin mai tallan goro ba.

An haifi Satyendra Nath Bose ran 1 ga Janairu, 1894, a birnin Kalkata da ke yankin Bangal, lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Shi ne ɗan fari, shi kaɗai ne kuma namiji, ƙannensa shida duk mata ne. Mahaifinsa, Surendranath Bose, yana aiki a sashen injiniya na kamfanin jirgin ƙasa na Gabashin Indiya. Tun yana yaro idanunsa ba su da ƙarfi sosai, amma wajen lissafi ba a kama ƙafarsa. Ana ba da labarin cewa wani malaminsa ya taɓa ba shi maki 110 a jarrabawar da makinta duka 100 ne, saboda ya amsa dukan tambayoyin, waɗansu ma ta hanya fiye da ɗaya. A 1909 ya shiga Kwalejin Presidency ta Kalkata. Wato ke nan a 1911, shekarar da dogo ya iso Kano, shi yana ɗan shekara 17 yana zaune a aji gaban manyan malamai irin su Prafulla Chandra Ray da Jagadish Chandra Bose, wanda ba danginsa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ya ɗauki na ɗaya a digirin farko a 1913, ya sake ɗaukar na ɗaya a digiri na biyu a 1915.

Wanda ya zo na biyu a bayansa shi ne Meghnad Saha, ɗan wani mai ƙaramin kanti daga ƙauye. Mu a nan, na ɗaya da na biyu ba su cika ga-maciji da juna ba, amma waɗannan biyu abokai suka zama. Ba da daɗewa ba Sir Asutosh Mookerjee, wanda ya kafa sabon sashen kimiyya a Jami'ar Kalkata, ya ɗauke su aikin koyarwa. A nan suka gamu da matsala. Ana cikin Yaƙin Duniya na Farko, littattafai ba sa isowa, sabon ilmin fiziks kuwa yawanci da Jamusanci ake rubuta shi, kuma babu wanda ya taɓa koya musu shi. Maimakon su naɗe hannu, sai suka duƙufa koyon Jamusanci, suka riƙa zuwa aron littattafai wurin wani Bature mai suna Brühl da ke koyarwa a kwalejin injiniya ta Bangal. Abin da suka karanta da dare shi suke koyarwa da safe. A 1918 suka buga takardar bincikensu ta farko tare a mujallar Philosophical Magazine ta Ingila, a kan halayen iskar gas. A 1920 kuma Jami'ar Kalkata ta buga fassarar da suka yi wa takardun Albert Einstein daga Jamusanci, kuma ita ce fassara ta farko da aka yi musu zuwa Ingilishi. Abin mamaki, ba a Landan aka fara wannan aiki ba, samari biyu ne 'yan ƙasar da ake yi wa mulkin mallaka suka riga kowa.

A 1921 Bose ya koma sabuwar Jami'ar Dakka, birnin da yanzu shi ne hedkwatar ƙasar Bangaladash. A can ne abin da ya sa ake tunawa da shi ya faru.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda ƙarfe yake yin ja in ya sha wuta, in zafin ya ƙaru ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi fari. A 1900 wani Bajamushe, Max Planck, ya fito da ƙa'idar lissafi da ke faɗin yawan hasken kowane launi da abu mai zafi zai fitar, aka gwada aka ga ta yi daidai. A 1905 Einstein ya ƙara da cewa haske kansa ƙwayoyi ne ƙanana, waɗanda daga baya aka raɗa wa suna foton. To, amma akwai abin da ya hana masana barci. Duk hanyar da aka bi don a kai ga ƙa'idar Planck, sai an ɗauki haske a matsayin igiyar ruwa a rabin lissafin, a ɗauke shi a matsayin ƙwayoyi a ɗaya rabin. Amsa ta fito daidai, hanyar kuwa faci ce a kan faci. Bose yana koya wa ɗalibansa wannan darasi, zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. A farkon 1924 Saha ya kai masa ziyara Dakka, ya nuna masa waɗansu sababbin takardu na Wolfgang Pauli da na Einstein da Paul Ehrenfest waɗanda suka taɓo matsalar. Daga nan Bose ya zauna ya warware ta, da ƙwayoyi kaɗai tun daga farko har ƙarshe, ta hanyar sake yadda ake ƙirga su.

Ga yadda na fahimci ƙirgar, da misalin tasha. A ce ga taragu biyu, na gaba da na baya, ga fasinjoji biyu, babba da ƙarami, kowa zai shiga inda ya ga dama. Hanyoyin zamansu huɗu ne: duka biyu a na gaba, duka biyu a na baya, babba a gaba ƙarami a baya, ko ƙarami a gaba babba a baya. Cikin huɗun nan, a biyu ne suke tare, wato rabi ke nan. To, yanzu a ce fasinjojin nan ba su da suna, ba su da kama, ba su da wata alama ko ɗaya da za ta raba wannan da wancan. Sai hanyoyi biyun ƙarshe su zama abu guda, ɗaya a gaba ɗaya a baya, shi ke nan. Hanyoyi sun koma uku, kuma a biyu cikin ukun suna tare. Ba wanda ya tura su, ba wanda ya ja su, amma damar su haɗu a tarago ɗaya ta tashi daga rabi zuwa biyu bisa uku. In fasinjojin da taragun suka yi yawa, bambancin sai ya zama babba ƙwarai.

Da farko na so in yi misalin da buhunan gyaɗa irin na dalar da ake tarawa a Kano a da kafin a loda su a jirgi, tun da duk kamarsu ɗaya. Malaminmu ya ce ba su dace ba, domin buhu komai kamarsa da ɗan'uwansa ana iya shafa masa alli a gane shi. Ƙwayar haske kuwa ba ta da inda za a shafa mata alli. Guda biyu masu launi ɗaya da hali ɗaya ba kama kawai suke yi ba, babu ma ma'ana a tambayi wacce ce wacce. Da Bose ya ƙirga ƙwayoyin haske ta wannan hanya, ƙa'idar Planck sai ta fito sumul, ba faci.

Ya rubuta abin a takarda gajera ya aika wa Philosophical Magazine, ba su buga ba. A nan ne, a ganina, aka gane irin mutumin da ake magana. Malami ne ɗan shekara 30 a wata jami'a da ba a san ta a Turai ba, ba shi da digirin dakta, bai taɓa fita Indiya ba. Da ni ne, da na jefa takardar cikin akwati na ce ba rabo. Shi kuwa ran 4 ga Yuni, 1924, ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Einstein wasiƙa, mutumin da a lokacin ya fi kowane masani suna a duniya. Ya tuna masa cewa shi ne wanda ya taɓa fassara takardunsa a Kalkata, ya ce yana ɗaukar kansa almajirinsa ko da ba su taɓa haɗuwa ba, ya roƙe shi ya duba aikin, in ya ga ya cancanta ya sa a buga shi a Jamus.

Einstein ma ya yi abin a yaba masa. Wasiƙu nawa ne ke zuwa masa daga mutanen da bai sani ba? Amma ya karanta wannan, ya gane darajarta, ya zauna da kansa ya fassara ta zuwa Jamusanci, ya aika wa mujallar Zeitschrift für Physik da sunan Bose shi kaɗai, tare da ɗan bayani a ƙasa cewa a ganinsa wannan babban ci gaba ne. Aka buga ta a shekarar, shafi huɗu kacal. Ya kuma aika wa Bose kati na yabo, wanda Bose ya nuna wa hukumar jami'a, nan da nan aka ba shi hutun karatu na shekara biyu a Turai, alhali a da ana ta ja masa rai. Bai tsaya nan ba, a 1924 da 1925 Einstein ya ɗauki ƙirgar Bose ya ɗora ta a kan ƙwayoyin zarra, ya hango cewa in aka sanyaya waɗansu irinsu ƙwarai da gaske, za su ruga su taru a hali ɗaya, su zama kamar ƙwaya guda babba. Shi ya sa har yau ake haɗa sunayen biyu, ana cewa ƙirgar Bose da Einstein.

Bose ya isa Faris a watan Oktoba na 1924. Ya zauna da Paul Langevin, ya yi aiki a ɗakin binciken Maurice de Broglie inda ya koyi leƙa cikin duwatsu masu ƙyalli da hasken eksire. Ya kuma je wurin Marie Curie. An ce ta daɗe tana yi masa bayani da Ingilishi cewa sai ya fara koyon Faransanci kafin ya yi aiki da ita, shi kuwa ya yi shiru, kunya ta hana shi gaya mata cewa ya daɗe da iya harshen. Wannan hali mun san shi a nan gida. Bayan shekara guda ya wuce Balin, ya sadu da Einstein ido da ido.

Sai dai zaman bai haifar da abin da mutum zai zata ba. Su biyun nan da kullum ake kiran sunansu tare ba su taɓa rubuta takarda ɗaya tare ba. Tun kafin ya bar Indiya Bose ya aika da takarda ta biyu, wadda shi a ransa ya fi ji da ita. Einstein ya fassara ta ita ma, ya sa aka buga, amma a wannan karon ya rubuta a ƙasa cewa bai yarda da wani babban sashe nata ba. Abin ya sosa ran Bose. Da ya isa Balin kuma hankalin Einstein ya riga ya koma kan waɗansu matsaloli. Na yi ta tunani ko Einstein ya kyauta. Ina ganin ya kyauta, domin wanda ya yaba maka inda ka yi daidai, shi ya fi cancanta ya faɗa maka inda yake ganin ka kauce, kuma bai ɓoye takardar ba, ya bar duniya ta yi hukunci. Abin da na fi jin takaicinsa shi ne yadda Bose ya daɗe bayan wannan bai sake fitowa da wani aiki a wannan fanni ba, a daidai shekarun da Heisenberg da Schrödinger da Dirac suke gina sabon ilmin.

Ya koma Dakka a 1926, aka ba shi kujerar farfesa da shugabancin sashen fiziks, ko da yake ba shi da digirin dakta, saboda takardar shaida da Einstein ya rubuta masa. Kusan shekara 20 ya yi yana gina sashen. Ya sa aka ƙera kayan bincike a nan gida maimakon jiran na Turai, ya kafa ɗakunan gwaji, kuma a zamaninsa ne K. S. Krishnan ya zo Dakka a 1928 ya yi sanannen aikinsa a kan maganaɗisun duwatsu. Ƙofar ofishinsa a buɗe take, masu ilmin sinadarai da masu adabi da masu tarihi duk suna zuwa da matsalolinsu, yakan warware wa mutum abu a bayan takarda ya bar masa, bai damu a sa sunansa ba. Yana kuma kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira esraj, wanda ake gogawa kamar gogenmu. A 1945 ya koma Jami'ar Kalkata.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya fi taɓa ni, shi ne ma ya sa na kai wannan rubutu sashen Hausa na mujallarmu. Bose ya iya Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, da harsunan nan ya yi suna, amma ya tsaya kai da fata cewa yaro ya fi gane kimiyya da harshen da ya sha a nono. Yakan koyar da manyan ɗalibai fiziks da Bangali. A 1948 ya kafa ƙungiyar Bangiya Bijnan Parishad don yaɗa kimiyya da harshen, tare da mujallarta ta wata-wata. Ra'ayinsa shi ne, wanda ya ce ba a iya kimiyya da Bangali, to ko dai bai iya Bangali ba ne, ko bai iya kimiyyar ba. Babban marubucin Bangal, Rabindranath Tagore, ya sadaukar masa da littafin kimiyya da ya rubuta da harshensu a 1937. Mu kuwa a ajinmu, da yawa mun haddace ƙa'idoji da Ingilishi muna zubawa a jarrabawa, amma in iyayenmu suka tambaye mu me muka koya yau, sai mu yi ta inda-inda. Ni kaina sai da na yi ƙoƙarin faɗin ƙirgar nan da Hausa sannan na gano wuraren da ban gane ba.

Girmamawa ta zo masa a ƙarshen rayuwa. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Padma Vibhushan a 1954, aka zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society ta Landan a 1958, aka naɗa shi Farfesan Ƙasa a 1959. Tun a shekarun 1940 Paul Dirac ya raɗa wa duk ƙwayoyin da ke bin ƙirgarsa suna boson, daga sunansa, kuma ƙwayar haske tana cikinsu. Ko ƙwayar Higgs da aka gano a cibiyar CERN ta Turai a 2012 boson ce. Lambar Nobel kam ba a ba shi ba, ko da yake an sha gabatar da sunansa. Ya rasu a Kalkata ran 4 ga Fabrairu, 1974, yana da shekara 80.

Kawuna mai shago a Kantin Kwari, da ya ga ina ta wannan karatu, ya tambaye ni me shafi huɗun nan suka ƙara wa talaka. Ba zan ce Bose ne ya ƙera leza ba, Theodore Maiman ne ya fara haɗa ta a Amurka a 1960, tushen dabarar kuwa yana cikin wani aikin Einstein na 1917. Amma hasken leza ya bambanta da na fitilar kakana ne saboda ƙwayoyinsa masu ɗimbin yawa sun cunkushe a hali ɗaya, launi ɗaya, tafiya ɗaya, kuma boson ne kaɗai ke iya irin wannan cunkoso. Da hasken leza ake tura saƙonni cikin wayoyin gilashi da aka binne a ƙasa da ƙarƙashin teku, irin wadda aka jawo daga Fotugal zuwa Legas a 2010. Kuɗin da ake turo wa kawu ta waya daga Legas ko Kwatano, a kan irin wannan haske suke yin wani yanki na tafiyarsu.

Masu binciken zamani sun wuce nan, suna aiki da ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya. A 1987, a Jami'ar Rochester ta Amurka, Hong da Ou da Mandel suka aika ƙwayoyi biyu masu kama ɗaya, daga ɓangarori biyu, zuwa wani madubi da ke barin rabin haske ya wuce ya mayar da rabi. Kamar inda dogo ya rabu ne a Zariya, hanya ɗaya ta yi Kano, ɗaya ta yi Gusau da Ƙauran Namoda. Sai aka ga in sun iso lokaci guda ba sa rabuwa, duk hanyar da ɗaya ta bi nan ɗayar za ta bi. A kan wannan hali ake ƙoƙarin gina sabuwar irin kwamfuta mai lissafi da haske, kuma a 2020 masana a birnin Hefei na ƙasar Sin, ƙarƙashin Pan Jianwei da Lu Chaoyang, sun gwada wata na'ura irin wannan da ta ƙirga ƙwayoyi har 76 a gwaji guda.

Taruwar zarra da Einstein ya hango kuwa sai da ta jira shekara 70. A watan Yuni na 1995, shekara 21 bayan rasuwar Bose, Eric Cornell da Carl Wieman a Kolorado suka sanyaya zarra kusan 2,000 na wani ƙarfe mai suna rubidiyam, har saura ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na digiri guda su kai ƙarshen sanyi, inda ba sauran zafi ko kaɗan. Zarran suka taru kamar yadda lissafi ya ce. Bayan 'yan watanni Wolfgang Ketterle ya yi irin haka da sodiyam, su ukun suka sami Nobel a 2001.

Wanda ya fi burge kakana shi ne gwajin Lene Hau, wata masaniya 'yar ƙasar Denmak da ke aiki a Harvard. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wato zai je Legas daga tashar Kano ya dawo fiye da sau 100 kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. A 1999 ita da abokan aikinta suka tura haske cikin irin wannan taron zarra mai sanyi, gudunsa ya ragu zuwa mita 17 a daƙiƙa, kimanin kilomita 61 a awa. Da na gaya wa tsohon, sai ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce a zamaninsu, in layi ya miƙe tsakanin Kano da Zariya kuma direban ya san aikinsa, jirgin fasinja yakan kusa kai haka. Game da ƙirgar taragu kuwa bai gamsu ba tukuna. Ya ce akawun tasha da ya ƙirga fasinja huɗu ya rubuta uku, ba zai kai la'asar a bakin aiki ba. Na ce masa hanyoyin zama ne huɗu, ba fasinjoji ba. Ya ce in ɗauko ƙwallayen dabino biyu da kwanoni biyu in sake nuna masa daga farko.